Rijiyoyi 142 da aka haƙa ba don sha ba: labarin ruwan Ogoni

Wani mai sauraronmu daga Kunduru, can ƙasar Kankiya, ya turo tambaya. Ya ce idan tankar mai ta faɗi a gefen gari, ko tankin gidan mai ya riƙa yoyo a ƙarƙashin ƙasa, ta yaya za a gane ko man ya kai rijiya? To, amsar tana cikin wani tarihi da ya faru a ƙasar nan, sai dai sai mun gangara Kudu.

An fara samun mai a ƙasar Ogoni, cikin jihar Ribas ta yanzu, a ƙarshen shekarun 1950. Shekara da shekaru mutanen wurin suna kukan ruwansu ya lalace. Kamfanin Shell ya dakatar da haƙar mai a can a 1993 saboda boren jama'a, sannan ranar 10 ga Nuwamba 1995 gwamnatin Abacha ta rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas a Fatakwal. Duk da haka gardamar ba ta mutu ba: jama'a na cewa guba suke sha, masu mai na cewa an share wuraren. Ruwan ƙarƙashin ƙasa kuwa ba a ganinsa da ido balle a raba gardama.

Gwamnatin tarayya ta gayyato hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNEP. Masananta suka yi wata 14 suna aiki, suka haƙa rijiyoyin gwaji guda 142, suka ɗebi samfuri sama da 4,000 na ƙasa da ruwa da iska.

Bari in tsaya a kan rijiyar gwajin nan, don ita ce zuciyar maganar. Ba irin rijiyarmu ta guga ba ce. Siririn bututu ne ake zurawa a rami, ƙasansa da ƙananan tsagogi don ruwa ya shigo, a zuba yashi kewaye da shi, a toshe sama da yumɓu kada ruwan sama ya gangara ya ɓata lissafi, a rufe da kwaɗo. Ranar ɗibar samfuri, da farko a auna zurfin ruwan da kaurin man da ke yawo a kansa, tunda mai ba ya nitsewa. Sai a zuƙe tsohon ruwan da ya kwana a bututun a zubar, a jira sabo ya tsattsafo. Shi ake zubawa a ƴar kwalba a cika ta maƙil, ko ƙwayar kumfa ba a bari, domin sinadarin benzin da ake nema yana bin iska ya gudu. A sa kwalbar cikin ƙanƙara, sai ɗakin gwaje-gwaje. Kuma rijiya ɗaya ba ta isa. Aƙalla sai uku kafin a gane inda ruwan ƙasa ya dosa, wato gidan wa gubar za ta isa nan gaba.

Ranar 4 ga Agusta 2011 aka miƙa wa Shugaba Goodluck Jonathan rahoton. A Nisisioken Ogale, kusa da bututun NNPC, an tarar da tataccen mai kaurin santimita 8 kwance a saman ruwan da rijiyoyin mutane ke ja. Kamar faɗin yatsu huɗu ke nan fa. Benzin ɗin da ke ruwan shansu ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900, shi kuwa benzin sananne ne wajen jawo sankarar jini. A Ejama-Ebubu an iske gurɓatar malalar da ta yi kusan shekara 40. Abin da ya fi ɗaure min kai: an daɗe ana zaton akwai shimfiɗar yumɓu da ke tare mai kada ya nutsa, rijiyoyin nan suka nuna ba ko'ina take ba. Rahoton ya ce gyara zai ci shekara 25 zuwa 30, a fara da dala biliyan 1. Sai a Yunin 2016, zamanin Buhari, aka ƙaddamar da aikin a Bodo.

Mu dawo gida. Mu ba mu da rijiyar mai, amma hanyar Kano zuwa Katsina da ta ratsa Kankiya tankoki ba sa yankewa a kanta, ga gidajen mai da tankunansu a binne, ga masu bunburutu, ga baƙin man janareto da ake tuttulewa a bayan shago. Yawancin rijiyoyinmu kuma ba su da zurfi sosai. Da damina ruwan ƙasa ya taso ya ɗago man, da rani ya sauka ya bar shi shafe a jikin ƙasa, shi ya sa gwaji ɗaya ba ya wadatarwa, sai an maimaita rani da damina.

Malam mai tambaya, in kun ji warin fetur a guga ko kun ga ƙyalli a saman ruwa, ku daina sha nan take, ku kai magana sashen lafiya na ƙaramar hukuma ku nemi a gwada. Tafasawa ba ta sa a amince da shi, rashin wari ma ba shaida ba ce, don benzin kan wuce ƙa'ida hanci bai ji komai ba.

Sai mun haɗu a kashi na gaba.