Dalilin Da Ya Sa Mutanen Farko Suka Zauna Gindin Dala

Duk wanda zai kafa gida a daji, kafin ya sari itace ko ya kwaɓa ƙasa, sai ya san inda zai sha ruwa, da inda zai sami abin kai wa baka, da inda zai fake in tsoro ya zo. Mutanen da suka fara zama a wurin nan da ya zama birnin Kano ba su bar mana takarda ba balle mu karanta dalilinsu. Amma wurin da suka zaɓa yana nan, mai ido kuwa ya iya dubawa ya gane. Nufina in bayyana wa 'yan'uwa ma'aikata abin da ya jawo su nan, da yadda abin ya koma daga baya, domin wanda aka ba amanar gari ya kamata ya san abin da aka kafa garin a kansa.

Abin da littafin tarihi ya faɗa

Babban abin dogara a wannan magana shi ne littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19. Wani Bature, H. R. Palmer, ya juya shi da Turanci a 1908, aka kuma buga shi da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Littafin bai fara da sarki ba, bai fara da malami ko attajiri ba, da maharbi ya fara. Ya ce wani mutum mai suna Dala ya zo ƙasar nan ya gina gida bisa dutsen da a ke kira da sunansa har yau, daga zuriyarsa kuma aka sami Barbushe. An siffanta shi da cewa baƙi ne, ƙaƙƙarfa, mai kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka ya yi tafiyar wajen mil 9 da ita.

To, mai hankali ya san ba ɗan Adam da zai ɗauki giwa a ka. Amma ko ƙarin gishiri yana da abin da ya ke nunawa. Na farko, mutanen wancan zamani da farauta su ke auna girman namiji, wanda ya fi kowa kawo nama shi ne shugaba. Na biyu, masu ba da labarin sun ɗauka cewa dajin da giwa ke kiwo bai fi tafiyar hantsi daga Dala ba. Watau inda yanzu a ke ganin unguwanni da masana'antu, a da kurmi ne da sarƙaƙiya.

Littafin ya kuma lissafa manyan da ke ƙarƙashin Barbushe, ko wane da wurin zamansa. Akwai na Goron Dutse, akwai na Magwan, akwai na Fanisau, akwai na Jigirya. Ku duba, yawancinsu jikin dutse su ke. Cikin masu sana'a kuma da ya ambata akwai maƙeri, da mai haƙar tama, da gwanin baka, da wanda ya riƙe sarautar ruwa ta ƙasar duka. Ba a naɗa Sarkin Ruwa inda ba ruwa, ba a kuwa girmama mai baka inda ba nama.

Abin da ƙasa ta nuna

Dutsen Dala tsayinsa ƙafa 1,753 ne bisa teku, ko da ya ke bai ɗara ƙasar da ke kewaye da shi da yawa ba. Amma da ya ke ƙasar Kano shimfiɗaɗɗiya ce, wanda ya hau kansa ya kan hangi nesa ta ko wace fuska. Ga maharbi wannan ba ƙaramin amfani ba ne. Daga nan ya ke ganin inda namun daji ke gangarowa shan ruwa, da inda hayaƙin gobarar daji ya tashi, da ƙurar baƙin da ba a san nufinsu ba. In dare ya yi kuma iyalinsa suna sama, kura da damisa suna ƙasa.

Gindin dutsen ga Jakara. Yau in an ambaci sunanta sai mutum ya toshe hanci, amma littafin tarihi ya ce da kurmi ne mai duhu ya kewaye ta, har a ke kiran wurin Kurmin Baƙin Ruwa. Mutanen Barbushe suna tsoron wurin, suna yi masa yanka da baƙaƙen dabbobi bisa al'adarsu ta kafin Musulunci. Tsoron nan, ko ba su nufa ba, shi ya hana a sare kurmin, kurmin kuwa shi ya riƙe ruwan. Rafi irin wannan, mai fadama da laka, shi ne gidan tarwaɗa da gaiwa. Gaiwa ma in rani ya yi sai ta shige laka ta kwanta, mai fartanya ya tono ta ba ƙugiya ba koma. Tsuntsayen ruwa kuma, su ɗinya da kirinjijiya, nan su ke sauka. In ruwan daji ya ƙafe, gada da barewa da gwanki tilas su biyo sawun ruwa, maharbi ba sai ya wahala da yawo ba, ya dai laɓe da kwarinsa da bakansa ya jira.

Na uku, jikin Dala da kewayensa akwai tama. Masu binciken kayan da a ke tonowa daga ƙasa sun sami wurin narkar da ƙarfe gindin dutsen, suka auna shekarunsa suka ga ya kai ƙarni na 7, watau shekara wajen 300 kafin Bagauda, wanda a ke lissafin sarautarsa daga 999. Wannan ya dace da labarin Abagayawa, da suka ce kakansu maƙeri ne mai suna Kano, ya taso daga Gaya neman tama. Maharbi ba ya rabuwa da maƙeri, don kan kibiya da mashi da zago da ƙugiya duk daga maƙera su ke fitowa.

Watakila wani ya ce, in kifi a ke so, don me ba su zauna bakin Challawa ba, ga ta kudu tafiyar mil 10 kacal, ko bakin Kogin Kano? Amsa ita ce, babban kogi a ƙasar nan da damina ambaliya gare shi, da rani kuwa, kafin a yi madatsun ruwa, rairayi ya kan koma sai gurbi gurbi. Ba dutsen fakewa a bakinsa, ba tama kusa. Sai suka zaɓi inda ƙaramin ruwa ba ya yankewa, babban kogi kuma ba shi da nisa. In lokacin su ya yi, a je a kwana biyu a komo da banda. Masu hikima sun ce da babu gara ba daɗi, amma su mutanen Dala sun haɗa duka biyu.

Ba Kano kaɗai ce ta yi haka ba. Zazzagawa sun zauna jikin Turunku da Kufena, labarin Daura kuma kan rijiyar Kusugu ya ke. Amma Kabawa, da ya ke gulbinsu mai faɗin fadama ne, su ya fi ƙarfi gare su, har bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara yi wa tsari a 1934, ya zama sananne a duniya. Ko wace al'umma da abin da ƙasarta ta ba ta.

Yadda gari ya cinye daji

Da mutane suka yawaita, noma ya rinjayi farauta. Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, ya fara ginin ganuwa, ɗansa Tsaraki ya ƙarasa. Abin lura shi ne, ba gidaje kaɗai suka kewaye ba, sun sa Dala da Jakara da filin noma a ciki, domin in an yi wa gari zobe kada ƙishirwa ko yunwa ta buɗe wa abokan gaba ƙofa. Sarki Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ganuwar, ya kuma kafa kasuwa a bakin Jakara. Sunanta Kurmi har yau, ko da ya ke ba sauran kurmi sai suna.

Baƙin da suka zo daga baya sun tarad da sauran alama. Clapperton, mutumin Birtaniya, ya shigo Kano a 1824, ya rubuta cewa wata babbar fadama ta kusa raba birnin biyu, agwagi da sauran tsuntsaye suna sha'aninsu a ciki. Barth, Bajamushe, ya zo a 1851, ya hau Dala ya zana taswirar gari, ya nuna Jakara da filayen da ba gini a cikin ganuwa. Duk sun ambaci kududdufai, waɗanda asalinsu ramukan ɗibar ƙasar gini ne. Sun yi kukan ƙazantarsu da zazzaɓin da ke tare da su, gaskiya kuwa suka faɗa. Amma kududdufan nan su ke shanye ruwan sama su hana shi shiga ɗakuna, yara kuma su kan sami tarwaɗa a ciki.

Sana'o'in biyu ba su mutu ba, matsawa suka yi. Masunta suka koma bakin koguna, irin su Wudil, da gorarsu da komarsu da birgi da mali, ƙarƙashin Sarkin Ruwa mai faɗin ranar da za a faɗa gurbi da ranar da za a bar shi ya huta. Maharba suka nufi dajin kudu. Har wa yau a kan ji labarin dabarunsu, kamar dafin ƙwanƙwani da a ke shafa wa kibiya, da kan burtu da maharbi ke ɗaurawa a goshi ya yi rarrafe har ya kusanci nama bai tsorata ba. Samarin birni kuwa abin da ya rage musu shi ne farautar rani, a fita da ganga da karnuka da gora, a komo da zomo ko zabo.

Zamanin En'e da bayansa

Turawa sun ci Kano ran 3 ga Fabrairu 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, gyaɗa ta yi kuɗi, aka sare daji aka mai da shi gona. A 1916 aka kafa dokar kare namun daji a Nijeriya, Jihar Arewa kuma ta yi tata a 1963. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero, En'e ta Kano ta jawo ruwan famfo daga Challawa, aka buɗe a 1931. Wannan alheri ne babba, amma tun da mutane suka daina dogara ga Jakara sai suka daina ganin girmanta, ta zama wurin zubar da shara. En'e ce kuma ta keɓe gandun dajin Kogin Kano a ƙarshen shekarun 1940, wanda daga baya aka mai da shi wurin kare namun daji na Falgore, tsakanin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. Sa'an nan aka yi madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, masunta suka sami sabon wurin zama a bakinsu. An datse Jakara kanta a Wasai, amma ruwan da ke isa can ya haɗu da dattin gari da na masana'antun Bompai, har masana suna jan kunne game da kifin da kayan lambun da a ke samu daga gare shi.

En'e ta shuɗe tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976, amma aikin da ta bari yana wuyan magadanta. Duk wanda ya zauna gaban alƙali yana rubuta ƙara ya san yawan rigimar da ke tasowa kan fili, ya kuma san cewa kududdufi ba shi da bakin da zai kawo ƙara in an cike shi an yanka fuloti. Sai damina ta zo, ruwa ya nemi tsohon gidansa ya tarad da ɗakin wani, a wayi gari ana jaje. Haka jikin Dala da ganuwa, kullum a kan gutsura ana gini.

Saboda haka ina roƙon ko wane ma'aikaci da takardar fili ke biyowa ta hannunsa, ko mai unguwa, ko dagaci, ko malamin ofis, kafin ya sa hannu ya tambaya ko wurin hanyar ruwa ne. Giwa ba za ta komo Kurmi ba, wannan ya wuce. Amma sauran kududdufai da fadamu da dajin Falgore ana iya tsare su in an so. Kakanninmu ba su da awo ba su da taswira, suka zaɓi wurin da ya riƙe mutane shekara fiye da 1,300. Allah Ya ba mu ikon riƙe abin da suka bar mana, Ya zaunar da Kano lafiya, amin.