Mutum Na Uku A Hoton Meksiko

Da yawa daga cikinmu sun taɓa ganin hoton nan na gasar Olamfik ta 1968 a birnin Meksiko, inda baƙaƙen fata biyu 'yan Amurka suka tsaya kan dandamalin karɓar lambar yabo, kawunansu a sunkuye, kowa ya ɗaga dunƙulallen hannu cikin baƙar safa. Sunansu Tommie Smith da John Carlos. To amma mutum uku ne a hoton, kuma na ukun, wani Bature ɗan Ostareliya mai suna Peter Norman, shi ne muke yawan tsallakewa.

Ranar 16 ga Oktoba aka yi tseren mita 200. Smith ya zo na ɗaya cikin daƙiƙa 19.83, gudun da ba a taɓa yin irinsa ba a duniya a lokacin. Norman ya zo na biyu da 20.06, Carlos na uku. Shekarar kuwa mai zafi ce, domin a watan Afrilu aka kashe Martin Luther King. Smith da Carlos 'yan wata ƙungiya ce ta kare haƙƙin ɗan Adam da malamin jami'a Harry Edwards ya kafa, wadda ta nemi a mayar wa Muhammad Ali kambunsa na dambe, a hana Afirka ta Kudu da Rodeshiya shiga gasar, a kuma tuɓe Avery Brundage daga shugabancin kwamitin Olamfik na duniya.

Mu da ke koyon rubutu, ya kamata mu lura da yadda suka tsara saƙonsu ba tare da furta kalma ɗaya ba. Sun hau ba takalmi sai baƙar safa, alamar talaucin mutanensu. Carlos ya rataya duwatsun wuya don tunawa da waɗanda aka kashe ba shari'a. Safar hannu kuwa ta mutum ɗaya ce, domin Carlos ya mance tasa a masauki, sai Norman ya ba da shawara su raba. Shi ya sa Smith ya ɗaga dama, Carlos hagu. Norman bai tsaya nan ba, ya ari bajon ƙungiyar ya maƙala a ƙirji, alhali ba ƙasarsa ba ce, ba launinsa ba ne.

Cikin kwana biyu aka kori Smith da Carlos daga tawagar Amurka bisa matsin Brundage, mutumin da bai ga laifin gaisuwar 'yan Nazi a gasar Balin ta 1936 ba. Norman kuma ba a tafi da shi gasar 1972 ba. Hukumar Olamfik ta ƙasarsa ta dage cewa ba hukunci ba ne, amma a 2012 majalisar dokokin Ostareliya ta nemi gafararsa, bayan ya shekara shida a kabari. A jana'izarsa a 2006, Smith da Carlos suna cikin waɗanda suka ɗauki makara.

Da jami'ar San Jose ta kafa mutum-mutumin abokan nasa biyu a 2005, an bar gurbin na biyu babu kowa, bisa roƙonsa, don duk mai goyon baya ya hau ya tsaya. Gudun nan nasa na 20.06 kuwa babu ɗan Ostareliyan da ya wuce shi sai a Disambar 2024, lokacin da Gout Gout, yaro ɗan shekara 16 wanda iyayensa suka fito daga Sudan ta Kudu, ya yi 20.04.