Wane Fim Ne Gwani? Tasirin Dillancin Finafinai kan Zaɓin 'Yan Kallo a Garwa da Arewacin Kamaru

Tsakure

Maƙalar ta auna jerin finafinan da masana ke ɗauka a matsayin gagarau da waɗanda ake tunawa a majalisun hira na Garwa. Hujjarta ita ce, bambancin ya samo asali ne daga hannun dillalan da suka riƙe kasuwar silima.

Jerin masana

Mujallar Sight and Sound ta Ingila tana tattara ra'ayin masu sharhi duk shekara goma tun 1952. Citizen Kane na 1941 ya riƙe kambu daga 1962 zuwa 2002, Vertigo ya karɓe a 2012, sannan Jeanne Dielman a 2022. Jerin 2022 ya ƙunshi Touki Bouki na Djibril Diop Mambéty da La Noire de... na Ousmane Sembène, dukansu daga Senegal.

Abin da majigi ya haska

Idan dattawan da suka yi zamanin silimar Ribadou a Garwa suka zauna shan shayi, musunsu a kan wasu sunaye daban yake: Mother India na 1957, Sholay na 1975, Disco Dancer na 1982, da finafinan Bruce Lee. Dalilin a fili yake. Tun zamanin mulkin mallaka, kamfanoni biyu na Faransawa, COMACICO da SECMA, su ne suka mamaye dillancin fim a ƙasashen rainon Faransa, kuma abin da ya fi araha suke turowa: na Indiya, na Masar, da na kaboyi. Fim ɗaya sai ya yi ta zagayawa har faifansa ya ƙoƙe. Maimaicin nan shi ya zama ma'auni. Fim ɗin da aka haddace waƙoƙinsa, ko da ba a jin Indiyanci, shi ne babba.

Masani Brian Larkin ya nuna a bincikensa na Kano a 1997 cewa labaran auren dole da kunya da biyayya ga iyaye su suka kusanto da fim ɗin Indiya ga Hausawa. Bayanin ya dace da Garwa, garin Fulani da Hausawa da ke da tsohuwar alaƙar ciniki da Yola ta kogin Binuwai. Sai dai a ganina Larkin ya fi ba ɗabi'a nauyi, alhali ɗan kallo ba ya son abin da bai gani ba. Muna Moto na Jean-Pierre Dikongué-Pipa, ɗan Kamaru, shi ma a kan sadaki da auren tilas yake, ya kuma ci babbar kyautar bikin finafinai na FESPACO a 1976, amma bai samu zagayen da Sholay ya samu a arewa ba.

Bayan rufe silimu

Kaset ɗin bidiyo ya kashe kasuwar. A 2009 aka rufe silimu uku da suka rage a Kamaru a lokacin: Abbia a Yawunde, Wouri a Duwala da Empire a Bafusam. Dillancin ya koma hannun 'yan kasuwar Kano, kuma finafinan Hausa irin Sangaya suka shiga musun matasa ta hanyar Yola da Mubi.