Diviciacus: basaraken da ya yi wa Kaisar kuka saboda ƙaninsa

1/ Jama'a, ina bitar tarihin Rum saboda jarabawa na ci karo da wani mutum, tun jiya yake raina. Sunansa Diviciacus, basarake a ƙasar Gaul, wato Faransa ta yau. Ku biyo ni.

2/ Ƙabilarsa Aedui ce, babban birninsu Bibracte. Sun daɗe da ƙawance da Rumawa, har majalisar dattawan Rum na kiransu 'yan'uwa. Shi kuma malamin addininsu ne, irin waɗanda ake kira druid.

3/ Wajen shekara ta 63 kafin Miladiyya, maƙwabtansu Sequani suka ɗauko sojan haya daga Jamus ƙarƙashin Ariovistus, suka yi wa Aedui kaca-kaca, suka karɓi 'ya'yan manyansu garkuwa.

4/ Diviciacus ya tafi Rum neman agaji. Can ya san Cicero, wanda ya rubuta cewa mutumin yana da ilimin halittu, yana kuma duba. Amma majalisa ba ta ba shi ko soja ɗaya ba. A 59 ma sai ta naɗa Ariovistus abokin Rum. Ka ji 'yan'uwa fa!

5/ A 58 Julius Kaisar ya shigo Gaul yaƙar Helvetii. Aedui suka yi alkawarin hatsi, shiru. Ashe ƙanin Diviciacus ne, Dumnorix, ke hanawa. Matarsa 'yar Helvetii ce, kuma ya tsani Rumawa.

6/ Nan ne wurin da ya taɓa ni. Kaisar ya kira yayan, ya ce a hukunta ƙanin. Diviciacus ya rungume shi yana hawaye. Ya amsa cewa laifin gaskiya ne, amma idan aka kashe Dumnorix, duk Gaul za ta ce da yardarsa aka yi. Kaisar ya yafe, amma ya sa 'yan leƙen asiri a kan ƙanin.

7/ A 57 ya kai dakarunsa ƙasar Bellovaci don taya Kaisar, da suka miƙa wuya kuma shi ya roƙa musu. Kaisar ya bar su da rai, ya karɓi mutum 600 garkuwa.

8/ Dumnorix dai bai tsira ba. A 54 ya ƙi bin Kaisar zuwa Birtaniya, ya gudu, mahaya suka cim masa suka kashe shi yana ihun shi ɗa ne, ɗan ƙasa mai 'yanci.

9/ A 52 Aedui suka juya wa Kaisar baya, suka bi Vercingetorix, aka ci su tare. Amma a 48 Miladiyya, zamanin Claudius, manyansu ne suka fara samun izinin zama a majalisar da ta hana Diviciacus taimako.

10/ Ni dai na kasa kiransa maci amana. Ya ga Ariovistus a bakin ƙofa, ya kira wanda ya fi shi ƙarfi, baƙon kuma ya zauna. Ku tuna yawancin labarin daga alƙalamin Kaisar ya fito. Ku fa, yayan za ku bi ko ƙanin?