Hawan jinin huhu mai bayyana lokacin motsa jiki, da abin da yake nunawa ga masu ciwon zuciya

Hawan jinin huhu daban yake da hawan jinin da ake aunawa a damtse. Shi a jijiyar da ke ɗaukar jini daga ɓangaren dama na zuciya zuwa huhu yake faruwa. Matsakaicin ƙarfin jini a wannan jijiya, ga mai lafiya da ke hutawa, yana kusa da 14 a ma'aunin mmHg, kuma idan ya haura 20 likitoci kan ce akwai cuta. Sai dai akwai waɗanda awonsu lafiya lau yake muddin suna zaune, amma da zarar sun hau bene ko sun ɗauki kaya sai ya yi sama fiye da kima, numfashi ya gagara.

Zuciyar baligi tana tura kimanin lita 5 na jini a minti ɗaya yayin hutu, tana kuma iya ninka haka sau huɗu a aiki mai ƙarfi. Jijiyoyin huhu masu lafiya kan buɗe su karɓi wannan ƙari. Idan sun ƙanƙance, ko ɓangaren hagu na zuciya ya yi tauri, ko ɗaya daga ƙofofinta ta tsuke ko tana yoyo, sai jinin ya taru a baya.

An daɗe ana taƙaddama kan inda za a ja layi. Da can duk awon da ya wuce 30 lokacin motsa jiki cuta ake ɗaukarsa. A taron masana na 2008 a Dana Point ta Amurka aka jingine wannan ƙa'ida, domin an ga dattawa da 'yan wasa masu ƙoshin lafiya ma suna haura ta. Sai a 2022 ƙungiyoyin likitocin zuciya da na huhu na Turai suka dawo da batun da sabon ma'auni: idan ƙarfin ya ƙaru da fiye da 3 a kan kowace lita ɗaya da zuciya ta ƙara turawa a minti, to akwai matsala. Wannan ya fi adalci, tunda yana la'akari da yawan aikin da zuciyar ta yi.

Sahihin awo shi ne na zura siririn bututu ta jijiya zuwa zuciya yayin da mutum ke tuƙa keken gwaji. Hoton zuciya na eko ya fi sauƙi da araha, amma kintace yake bayarwa.

Muhimmancin gwajin yana ga abin da yake hangowa. Wani bincike da aka yi a Boston, aka wallafa a 2020, ya bi mutum 714 masu fama da haki. Waɗanda aka samu da wannan matsala haɗarin kwanciya asibiti saboda zuciya, ko mutuwa, ya ninka na sauran. Likitoci a Liyej ta Beljiyam kuwa sun nuna cewa masu lalurar ƙofar zuciya da ba su fara jin komai ba, idan awon sama na jijiyar huhu ya wuce 60 lokacin gwaji, sun fi saurin fara haki da tabarbarewa. Wannan ya shafe mu, domin lalacewar ƙofar zuciya da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro na ƙuruciya wanda ba a magance ba har yau tana nan a asibitocinmu. Mai irin wannan lalura kan rage zirga-zirga ba tare da ya lura ba, ya bar wa yaron shago ɗaukar kaya, sannan ya ce wa likita lafiyarsa ƙalau. Keken gwaji kan tona abin da hutu ya rufe.

Babu wani magani da aka amince da shi musamman don wannan yanayi. Tushen ake bi: gyaran ƙofar zuciya, rage ruwan jiki, daidaita hawan jini, da yawaita bibiya. Magungunan buɗe jijiyar huhu irin su sildenafil ba a ba da shawarar amfani da su idan matsalar daga ɓangaren hagu na zuciya take, domin suna iya ƙara cunkoson ruwa a huhu.