Wasiƙa da Ƙaurar Mai Ita

Tun zamanin da malaman Matameye ke rubuta wasiƙa da ajami, su naɗe ta, su danƙa wa fatake amana, babbar musibar saƙo ita ce a tarar mai shi ya yi ƙaura. A 1926, da Faransawa suka ɗauke mazaunin mulki daga Damagaram zuwa Yamai, takardar da ke isa ga gwamna nan kusa sai ta koma tafiyar kusan kilomita 900. Haka al'amarin yake ga mai sauya wa shafinsa na intanet masauki: muddin bai gyara rajistar adireshin imel ba, saƙonni za su yi ta sauka a tsohuwar na'ura, alhali masu aikowa na zaton an wulaƙanta su.