Libarbar Sojan Faransa a Zamanin Shigowar Nasara

Lokacin da Kaftan Kazamaju ya iso Damagaram a 1898, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, bindiga ba baƙuwa ba ce a birnin, domin tun zamanin Sarki Tanimu maƙeran fada suke zuba igwa. Sai dai ƙaramar bindigar nan da hafsoshin Faransa ke ratayawa a ƙugu, wato libarba, mai cin harsashi 6 a cikin ganga mai juyawa, ta wuce abin da maƙera ke iya kwaikwaya. Da irinta hafsoshin rundunar Voulet da Chanoine suka ratsa Birnin Ƙonni a 1899, kafin yaƙin Tirmini na watan Yuli.

Iri biyu suka fi yawa, dukansu ƙirar masana'antar makamai ta Saint-Étienne. Ta 1873 mai nauyi ce, faɗin bakinta milimita 11, an bar ƙarfenta fari ba a rine shi ba, kuma da baƙin albarushi take aiki. Ta 1892 ta fi ta sirantaka, bakinta milimita 8, gangarta tana buɗewa ta gefen dama.

Masu tara tsofaffin makamai, idan aka miƙa musu ɗaya, rubutun jikinta suke fara karantawa: sunan masana'anta, da shekarar ƙira da aka buga a kan bututu bayan harafin S. Daga nan sai lambobi. An buga wa manyan sassanta lamba guda. In ta gangar ta saɓa da ta jikin, to an yi mata dashe, darajarta ta ragu. Sannan a haska cikin bututun, gama ragowar baƙin albarushi na jawo danshi, tsatsa ta cinye zanen da ke murza harsashi. A ƙarshe a ɗana ta babu harsashi, a ga ko gangar na tsayawa cik daidai da bakin.

Ɓarnar da ta fi ciwo kuwa daga masu kyakkyawar niyya take fitowa. Magaji ya ga kayan kakansa ya yi duhu, sai ya sa yashi da toka ya goge har ya yi ƙyalli. Da duhun da rubutun duka suke tafiya, alhali rubutun nan ne shaidar shekararta da asalinta. Ɗan mai da tsumma mai laushi sun wadatar, a kuma raba ta da kubenta na fata, wanda ke riƙe danshin damina.